Zaren yana nan, injin karanta shi ne ya mutu

Wata Laraba da safe na shiga aji da tsohon kaset a hannun dama, bik a hannun hagu. Na ɗaga su sama na tambayi yaran ko mene ne ya haɗa waɗannan abubuwa biyu. Aji ya yi tsit. Can wata yarinya daga bencin baya ta ce, "Mushe, da bik ɗin ake rubuta suna a jikinsa." Ba ta yi ƙarya ba, amma ba amsar da nake nema ba ke nan. Duk wanda ya kai shekara arba'in cikin masu karanta wannan shafi ya san amsar. Idan rediyo ya cinye zare, sai a zaro shi a hankali, a soka bik a ramin kaset, a yi ta juyawa har ya koma ciki. Da haka kuma muke mayar da kaset baya don kada batir ya ƙare a banza.

Abin da ko mu manya da yawa ba mu sani ba shi ne, kwamfuta ma a kan irin wannan zaren ta yi shekara fiye da talatin tana ajiye abin da ta sani. Kafin katin memuwar da ke cikin wayoyinmu, kafin faifan CD, zare ne rumbunta. Tarihin injinan da ke juya wannan zare nake so in ba ku, musamman na ƙananan kwamfutocin shekarun 1960 da 1970, don akwai wani abu a cikinsa da ya shafi akwatunan da ke ƙarƙashin gadajenmu.

Zaren kaset ba wani abin mamaki ba ne. Leda ce siririya da aka shafe fuskarta da garin tsatsar ƙarfe mai laushi, aka liƙe shi da wani irin danƙo. Kan na'urar kuwa ɗan ƙaramin maganaɗisu ne mai aiki da lantarki. Idan zare ya wuce a kansa, sai ya karkata ƙwayoyin tsatsar nan, waɗansu su dubi nan, waɗansu su dubi can, su zauna a haka. Ranar da aka sake wucewa da zaren, kan ya ji yadda suka karkata, ya mayar da shi murya. Wani injiniya a Jamus mai suna Fritz Pfleumer ne ya yi rajistar wannan dabara a 1928, a kan takarda ma ya fara shafa garin. A 1935 kamfanin AEG ya nuna na'urar ɗaukar murya ta Magnetophon a bajekolin rediyo na Berlin. Ita kwamfuta ba murya take buƙata ba, sifili da ɗaya kawai ta sani, saboda haka aikin ya zo mata da sauƙi: karkata nan ɗaya, karkata can sifili.

Kwamfutar UNIVAC, wadda ofishin ƙidayar jama'a na Amurka ya karɓa a 1951, ita ce ta fara fitowa kasuwa da injin zare. Zarenta na ƙarfe ne, mai nauyi. A 1952 IBM ya fito da nasa injin mai lamba 726, da zaren leda, ya kuma warware wata matsala da ta kamata mu ɗan tsaya a kanta. Faifan da aka naɗe zare a kai yana da nauyi. Kwamfuta kuwa ba ta karatu a jere kamar mai sauraren waƙa. Takan karanta ɗan kaɗan, ta tsaya ta yi lissafi, ta sake fizga, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. In faifan kai tsaye ake fizga, zaren zai miƙe ko ya tsinke. Sai suka bar wani sashe na zaren yana reto cikin dogon rami mai murfin gilashi, ɗaya a kowane gefe, injin tsotsar iska yana riƙe da shi. Abin da ake fizga shi ne wannan sashe mara nauyi, manyan faya-fayan kuma suna biyo baya a hankali. Kamar akuyar da aka ɗaure da igiya mai sassauci ce, ta zabura nan ta zabura can, turke bai girgiza ba.

Amma waɗannan injina na manya ne: bankuna, sojoji, gwamnati. Kowanne ya kai tsayin mutum, ana jera su a ɗaki mai sanyi wanda ba kowa ke shiga ba. Mai buƙatar lissafi yakan miƙa katunansa ta taga, ya koma gida, gobe ya zo ya karɓi amsa. In ya yi kuskuren waƙafi ɗaya, sai jibi.

Kamfanin da ya karya wannan tsari shi ne DEC, wanda Ken Olsen da Harlan Anderson suka kafa a 1957 cikin wata tsohuwar masaƙar ulu a garin Maynard, jihar Massachusetts. A 1965 suka fito da PDP-8 a kan kimanin dala 18,000, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Kuɗi ne mai yawa, amma a wancan zamani araha ce ta ban mamaki, tunda sashe guda na jami'a ko ɗakin gwaji na asibiti yana iya sayen tasa. Irin waɗannan aka sa wa suna ƙananan kwamfutoci, ko da yake da kayan haɗinsu sukan kai girman firigo. Ƙwaƙwalwar PDP-8 gurbi 4,096 ne kacal. Wasiƙa mai shafi huɗu ta isa ta cika ta.

To ina za a ajiye aiki? Da farko a kan doguwar takarda mai huje-huje. Injin buga rubutu na Teletype da aka fi haɗa su da shi yana karanta harafi 10 a daƙiƙa. Mu yi lissafin ajin CM: manhaja mai harafi 10,000 za ta ci daƙiƙa 1,000, wato kusan minti 17, mutum na zaune yana sauraren ƙara. In takardar ta yage a tsakiya, a koma farko. Babban injin zare irin na IBM kuwa, sayensa don ƙaramar kwamfuta kamar a saya wa jaki sirdin da ya fi shi tsada ne.

Mafitar ta fito daga wani ɗakin bincike na jami'ar MIT. A 1962 Wesley Clark da Charles Molnar suka ƙera wata kwamfuta mai suna LINC don masu binciken ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ra'ayin Clark shi ne mutum ɗaya ya zauna gaban kwamfuta ɗaya, ta zama kayan aikinsa kamar madubin likita. Ya yi mata ɗan ƙaramin faifan zare wanda bai wuce tafin hannu ba, mai shiga aljihu. A 1963 aka gayyato masu bincike, kowanne ya haɗa tasa da hannunsa ya tafi da ita ɗakin gwajinsa. Wadda ta rubuta babbar manhajar sarrafa LINC, mai suna LAP6, wata matashiya ce, Mary Allen Wilkes, kuma falsafa ta karanta a jami'a. A gidan iyayenta a birnin Baltimore ta yi aikin wajen 1965, kwamfutar na girke a falo. Nakan ba ƴan matan ajina labarinta idan suka ce mini lissafi na maza ne.

DEC ya ɗauki wannan dabara, injiniya Thomas Stockebrand ya gyara ta, ta fito a 1963, daga baya aka san ta da suna DECtape. Shekarar nan ce kuma Philips ya fito da kaset ɗin da muka sani, sai dai ba hanya ɗaya suka bi ba. A ganina DECtape ya fi kowane injin zare na zamaninsa hikima, kuma hikimar ta malamin makaranta ce.

Faɗin zarensa milimita 19 ne, ya ninka na kaset kusan sau biyar. Tsawonsa kimanin mita 79, a kan faifai mai faɗin santimita 10. Matsalar zare na yau da kullum mun san ta daga kaset. In ka ɗauki sabuwar magana a tsakiyar tsohuwa, sai ka cinye farkon abin da ke gaba, don ba ka san daidai inda za ka tsaya ba. Haka manyan injina suke: a rubuta daga farko zuwa ƙarshe, in ana son gyara layi ɗaya a sake kwafe zaren gaba ɗaya a kan wani. DECtape kuwa, kafin a fara aiki da shi sai an tsaga shi gida-gida, kowane gida da lambarsa, kamar yadda muke sa yara su ja layi su sa lambar shafi a sabon kaye kafin a rubuta komai. A kan PDP-11 gida 578 ne. Kwamfuta na iya cewa a kai ta gida na 300, zare ya ruga can, ta share abin da ke ciki ta rubuta sabo, gida na 299 da na 301 ba su san an yi ba. Daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kimanin rabin minti. Shi ya sa a hotunan bidiyo na wancan zamani za ka ga faya-fayan nan biyu suna kai da kawowa kamar mai neman abin da ya yar.

Dabara ta biyu ta fi ba ni sha'awa. Sauran injina suna da wata ƴar taya ta roba mai matse zare don ya yi tafiya da gudu iri ɗaya, kamar wadda ke cikin rediyo mai kaset, ita ce ma mai cin zaren. DECtape ba shi da ita. Moto biyu ne kawai ke jan faya-fayan, gudun yana ɗan hawa yana sauka. To ta yaya kwamfuta ke sanin inda wannan lamba ta ƙare wata ta fara? An rubuta bugun lokaci a jikin zaren kansa, a layi na musamman. Zare ya yi sauri, bugun ya yi sauri, ya yi sanyi, bugun ya yi sanyi. Kamar a ce mawaƙi yana yawo da makaɗinsa, duk inda ya sa ƙafa kiɗa na biye da shi.

Ta uku kuma, komai sau biyu ake rubuta shi. Layi goma ne a jikin zaren, amma biyar ne na ainihi, sauran biyar maimaici ne, kuma ba a jera layi da abokinsa kusa da juna ba. In ƙura ko ƙarzuwa ta ɓata wannan, wancan na nan. An kuma rufe garin tsatsar da wata ledar a sama, kan na'ura ba ya gogar sa kai tsaye. Tsofaffin masu aiki da shi suna ba da labarin yadda ake huda zaren da abin huda takarda a nuna wa baƙo cewa har yanzu yana karantuwa. Mu da muke rubuta makin yaro a babban rajista, mu sake rubuta shi a katin da yake kai wa iyayensa, mun san amfanin haka ranar da ruwan damina ya shiga ofishin darakta.

Nawa yake ɗauka? A PDP-11, gida 578 sau harafi 512, ya ba da 295,936, bai kai sulusin mega ɗaya ba. Hoto guda na bikin suna da aka ɗauka da waya sai ya ci faifai goma. Amma a rubutu, littafi ne mai shafi wajen 150, kuma ɗalibi yana iya sa shi a aljihu ya tafi da shi. Karon farko ke nan da mutane da yawa suka riƙe aikinsu na kwamfuta a hannunsu, nasu na kansu.

Da ƙananan kwamfutoci suka girma, PDP-11 a 1970, sannan VAX a 1977, sai babban zaren ya sauko ya same su. Wannan shi ne mai layi tara wanda IBM ya kafa a 1964. Kamfanoni irin su Pertec da Kennedy da Cipher suka riƙa ƙera injina masu sauƙin kuɗi, waɗansu da hannuwa masu sifirin a madadin ramin tsotsar iska. Faifan ya kai faɗin santimita 27, kamar tiren shayi, zaren kuma mita 730, wato tsawon filin ƙwallo sau bakwai. Yakan ɗauki mega 40, na baya-bayan nan fiye da 140. Layi takwas na harafi ne, na taran kuwa mai gadi ne. Yana lura da ko adadin ɗaya-ɗaya da ke cikin harafin mara ne ko cika, in lissafin bai yi daidai ba wajen karatu, an san akwai kuskure. Ɗan'uwan gwajin tara ne da muke koya wa yara don su duba ninkawarsu, kuma raunin su iri ɗaya ne: kuskure biyu na iya rufe wa juna asiri.

Ɗora wannan faifai sana'a ce. Ma'aikaci zai kafa shi, ya ja bakin zaren da hannu ya bi da shi ta hanyarsa, ya naɗa a faifan da ba kowa, ya danna maɓalli. Injin ya tsotsi iska, ya yi gaba har ya ga wani ɗan ƙyalli da aka manna a jikin zaren, alamar nan ne farko. A bayan faifan akwai wani zobe na roba. In zoben na ciki, ana iya rubutu. In an cire shi, injin ba zai taɓa abin da ke kan zaren ba ko da wa ya ba da umarni. Mu ma mun yi haka: kaset ɗin da muke ji da shi mukan ɓalle masa ɗan kunnen nan na sama, ranar da muka canza ra'ayi mu cusa takarda a ramin. Ofisoshi masu hankali kuma sukan ajiye kwafi uku suna juya su, suna kiran su kaka da uba da ɗa. In na yau ya lalace a koma na jiya, in shi ma ya tafi akwai na shekaranjiya.

Kafin intanet, wannan faifai shi ne hanyar da ilimi ke tafiya tsakanin jami'o'i, ta gidan waya. Misalin da ya fi kowanne shi ne Unix, manhajar da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a 1969 a ɗakin bincike na Bell, suka raine ta a kan PDP-11. Jami'ar da ke so sai ta rubuta wasiƙa, a aiko mata da faifai. Ɗaya ya isa Sidni a Ostareliya, inda wani malami, John Lions, ya buga abin da ke ciki, ya rubuta masa sharhi layi-layi don ɗalibansa wajen 1977. Da kamfanin ya hana yaɗa littafin, ɗalibai suka yi shekara kusan ashirin suna kwafe shi da fotokwafi, kwafi daga kwafi har rubutun ya dushe. Wanda ya yi karatu a nan ƙasar da littafi ɗaya ga mutum goma ba sai an yi masa bayani ba. Jami'ar Berkeley ma ta fara aika nata faya-fayan daga 1978. Wayar Android da ke aljihunka tana tafiya ne a kan Linux, wanda aka gina bisa tsarin Unix, ta iPhone kuma ta gaji reshen Berkeley. Har yau akwai wani umarni a cikin waɗannan manhajoji mai suna tar, wanda asalin sunansa ajiyar zare ne, ana ta amfani da shi a kwamfutocin da ba su taɓa ganin zare ba.

Sai zamani ya juya. Faifan maganaɗisu mai juyawa ya yi araha, ƙananan faya-fayan leda suka shigo, DECtape ya zama tsohon yayi kafin ƙarshen shekarun 1970. Shi kansa DEC, Compaq ya saye shi a 1998. A farkon shekarun 2000 aka daina ƙera zare mai layi tara da injinansa. Ba wanda ya yi shelar cewa daga yau abin da ke kan waɗannan faya-fayai ya fara ɓacewa. An dai fitar da injin an sayar wa masu gwangwan, an bar faya-fayan a kan kanta, kowa na ganin ai ajiya na nan.

Dennis Ritchie da kansa ya ba da labarin abin da ya same shi. Shi ne ya ƙirƙiro harshen C, wanda aka rubuta ɗimbin manhajojin duniya da shi ko da ƴaƴansa. Kwafin farko-farko na aikin, na 1972 da 1973, suna kan DECtape da aka jibge a ƙarƙashin daɓen ɗakin kwamfuta, ba kuma injin karanta su a wurin. Sai da waɗansu mutum biyu, Paul Vixie da Keith Bostic, suka samo wani tsohon inji suka haɗa shi da VAX, suka ce mai tsohon zare ya kawo. Aka tono, aka karanta, abin ya fito. Zaren ya yi aikinsa, rubutu sau biyu da ledar kariya sun biya. Amma da mutanen nan biyu ba su damu da tarkacen da kowa ya yar ba, da zaren na nan lafiya lau ba mai jin abin da yake faɗi.

Hukumar sararin samaniya ta Amurka ta ga iri biyu, ko da yake nata injinan ba na ƙananan kwamfutoci ba ne. Faya-fayan da suka ɗauki ainihin hoton saukar mutum a wata a 1969, bincikenta na 2009 ya nuna an share su an sake amfani da su lokacin da aka yi ƙarancin zare. Ba wanda ya cire musu zobe, in ji mai magana. Hotunan wata da kumbunan Lunar Orbiter suka aiko a 1966 da 1967 kuwa, zarensu ya tsira, amma injin Ampex mai karanta su ya ƙare. Wata ma'aikaciya, Nancy Evans, ta karɓi waɗansu da za a yar ta ajiye a gidanta shekara da shekaru. A 2008 aka kwaso su zuwa wani tsohon shagon McDonald's da aka rufe a harabar hukumar a Kalifoniya, aka haɗa inji mai aiki daga sassan sauran, hotuna suka fito da kyan da ba a taɓa gani ba. A 2025 ma an tsinci wani faifai mai layi tara a ɗakin ajiya na jami'ar Utah, ɗauke da Unix na huɗu na 1973, wanda ake zaton ya ɓace. Sai da aka kai shi gidan tarihin kwamfuta na Kalifoniya, inda har yanzu ake kula da irin injin, kafin a karanta shi.

Kada a ce zaren ba ya tsufa. Danƙon da ke riƙe garin tsatsa yana shan laima, musamman na waɗansu kamfanoni a shekarun 1970 da 1980, sai ya yi yauƙi. In aka sa irin wannan a inji, garin ya kankare ya manne a kai, abin da ke ciki ya tafi har abada a karatun farko. Masu ceto sukan gasa shi a tanda mai sanyin wuta, wajen digiri 54, na sa'o'i da yawa, ya bushe ya ba su ƴan kwanaki su kwafe. Da na karanta haka na yi dariya, na ce ɗakin kwano a Maraɗi cikin Afrilu ya kusa yi musu aikin kyauta. Amma ba abin dariya ba ne, don zafi na shekara da shekaru lalata leda yake, laimar Agusta ta bi, ƙurar hunturu ta ƙarasa.

Zare bai mutu a duniya ba. Manyan rumbunan bayanai suna amfani da jikansa mai suna LTO, wanda ya fara da giga 100 a 2000, na tara kuma a 2021 ya kai tera 18. Da waɗansu masu Gmail suka wayi gari a 2011 ba wasiƙunsu, daga zare Google ya maido su. Sai dai injin LTO ba ya karanta abin da ya wuce tsara ɗaya ko biyu a baya. Wanda ya ajiye faifai shekara goma sha biyar bai kwafe ba, ya koma inda Ritchie ya tsaya. Masu wannan aiki sun san haka, shi ya sa suke da kasafin kuɗi na kwafewa daga tsohon inji zuwa sabo tun tsohon na numfashi.

Mu ba mu da kasafi. Abin da muke da shi akwati ne. Kaset ɗin da na kai aji daga akwatin mahaifiyata ya fito, cikin guda goma sha ɗaya da ta naɗe a tsohon zane. Lokacin da mahaifina ke ci-rani a Abijan, ba ya rubutu, ita ma ba ta karatu, saboda haka wasiƙarsu kaset ce. Zai zauna ya gaida kowa da sunansa, ya faɗi abin da za a yi da kuɗin da ya aiko, ya ja mini kunne a kan lakkwal, ya ba direba ko wani mai dawowa gida. Mu taru a tsakar gida bayan isha mu saurara, wani lokaci inna ta ɗauki amsa a bayan kaset ɗin a mayar masa. Gidaje da yawa a Tawa da Maraɗi da Damagaram suna da irin wannan akwati: muryar wanda ya rasu, karatun malamin unguwa, waƙar bikin da aka yi kafin a haife mu. Ya rasu shekara goma sha huɗu ke nan. Ƴaƴana ba su taɓa jin muryarsa ba, alhali tana cikin ɗakin da suke kwana.

Rediyon gidanmu ya daɗe da zama wurin ajiye allura da zare. Na zaga maƙwabta, gida shida, ba mai rediyo mai kaset da ke aiki. Na ƙarshe ya ce yara sun kwance nasu sun cire moton sun yi fanka.

Ranar Asabar na ɗauki namu na kai wa wani dattijo mai gyara a kasuwa, wanda yanzu rabin aikinsa canza wa waya gilashi ne. Ya buɗe bayan, ya sa yatsa ya ɗago wani baƙin abu mai kama da kwalta.

"Mushe, ka ga robar da ke juya shi. Narkewa ta yi. Moto lafiya, kai lafiya."

"Baba, ana samun ta?"

"Sabuwa? Wa zai kawo?" Ya juya ya dubi tarin matattun rediyoyi da ke bayansa har rufi. "Sai dai in duba cikin waɗannan. Yarana kullum suna cewa in sayar wa masu kilo."

Na roƙe shi kada ya sayar. Ya ce in ba shi mako biyu, kuma ranar da zan dawo in fara kawo kaset ɗin da ban damu da shi ba a gwada, kada injin ya fara cin na tsohon. Ya ƙara da cewa in juya kowanne da bik daga farko zuwa ƙarshe kafin nan, a hankali, in ji ko akwai inda ya manne. Na yi bakwai, saura huɗu. Na kuma ari wayar wani abokin aikina mai ɗaukar murya da kyau, don ranar da ya yi magana sau ɗaya nake so zaren ya wuce a kan injin.